Ruwan Ramin Tubali

"Inna, in muka sha su, a cikin cikinmu ma tsalle za su dinga yi?"

Zahra'u ce mai tambayar. Tana tsugune bakin Tabkin Marke, ta tusa fuska cikin ƙwaryar da uwarta ta ɗebo ruwa da ita, tana kallon wasu ƴan halittu da ba su kai ƙwayar gero ba, suna zillo, su tsaya, su sake zillo. Matan da ke ɗiban ruwa suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai shi ya sa yarinyar ba ta zama wuri ɗaya, ta riga ta sha su da yawa. Uwar, Raliya, ba ta yi dariya ba. Zahra'u ɗiyar fari ce, ba a sake mata fuska gaban mutane, ko sunanta Raliya ba ta kira, sai dai ta ce "ke". Ta janye ƙwaryar, ta watsar da ruwan, ta kama hannun yarinyar suka tashi da bido, jarkar ɗiban ruwansu, wayam.

Ƙauyensu na tsakanin Cadawa da Gazawa, kuma a daminar nan ruwan sha ya zama abin nema duk da ruwan da ke kwance ko'ina. Tsawa ta ƙone injin pampo, rijiyar gari ta rufta a wani ruwa mai ƙarfi. Aka koma tabkuna, mutum da dabba.

Sauran mata ba su damu ba. Su ɗebo, su tace da bakin zane, su sha. Raliya kuwa ta tashi a hannun kakarta a yankin Gidan Rumji, tsohuwar da kurkunu ya ɓata wa ƙafa tun tana budurwa. Ta sha ganin tabon, ta sha jin yadda ake naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan, mutum na kwance gonarsa na cinyewa da haki. Kakar ta ce mata waɗannan ƴan tsallen, ƙumar ruwa, su ke ɗauke da shi. A wurin awon yara, majo, babban ma'aikacin asibitinsu, ya sha faɗa cewa an daɗe ba a ga kurkunu a ƙasar ba, amma a ci gaba da tace ruwa. Raliya ta riƙe rabin maganar na biyu, na farkon ta bar masa.

Saboda haka ta san tabkunan nan fiye da kowa a garin, sanin da tsoro ke sa mutum ya yi. Ta san na Tabkin Marke, inda shanu ke shiga su yi kashi, jajaye ne, da safe sukan taru a gefe kamar an barbaɗa garin barkono. Na fadamar yashi farare ne, sai ka ɗaga ƙwarya wajen rana za ka gan su. A babban tabkin da ke riƙe ruwa har kaka ba su da yawa, don ƴan kifi na cinye su, amma wannan ya yi nisa ga mace da bido a ka. Ta lura in rana ta take sukan sauka ƙasa, sai ta koma ɗiban ruwa da tsakar rana, a hankali, daga sama. Duk da haka in ta tace sai ta ga wasu suna motsi a kan ƙyallen.

Ran nan, da suka baro Tabkin Marke, ba ta yi gida ba. Ta bi ta bayan gonakin wake, inda akwai wani rami da aka haƙa ana buga tubali da rani, ruwan sama ya cika shi. Ba mai zuwa wurin. Ƙarami ne, ya fara janyewa, kuma ta taɓa leƙa shi farkon damina ta tarar ƙumar ruwa ta yi masa yawa har ruwan kamar yana tafasa. Ta dai ce bari ta sake gani.

Ta ɗebo ƙwarya ɗaya ta ɗaga. Ba komai. Ta matsa gaba ta sake ɗebowa, ta karkata wajen haske, ta jira. Ko ɗaya. Ruwan kwance shiru, babu masu tsalle, babu ƙwarin da ke gudu a saman ruwa, ko kwaɗo bai faɗa ba da ta matso. Wani daɗi ya kama ta irin wanda ta manta da shi tun da pampo ya tsaya. Ta ji wani ɗan wari kamar na kananzir, sai ta tuna bidon nan ya taɓa zama na kananzir kafin ya zama na ruwa, ta bar zancen.

Zahra'u ta ce ƙishi take ji. A karo na farko a daminar Raliya ta bar ta ta sha da tafin hannu daga bakin ruwa. Ta bar ta ma ta shiga har gwiwa tana fantsala, rigarta ta jiƙe sharkaf, ita kuma tana cika bido. Ba kowa a wurin, sai ta ɗan yi wa yarinyar murmushi.

A gida ta tace ruwan sau biyu, ƙyallen ya fito fes. Ta zuba a randa. Ta dama wa Zahra'u fura da shi, ita kuma ta kurɓi kaɗan ta hau daka.

Rana ba ta kai ga karkata ba yarinyar ta zo ta ce cikinta na murɗawa. Ta yi amai. Ta sake yi. Sai yawu ya fara zuba daga bakinta ba tsayawa, gumi na keto mata kamar an watsa mata ruwa, hawaye na gudu ba kuka take ba. Raliya ta ɗaga fuskar yarinyar ta ga baƙin idon ya tsuke ya koma kamar bakin allura. Naman hannunta yana rawa shi kaɗai ƙarƙashin fata.

Gwaggo Habsatu, uwar mijin Raliya, ta fito daga ɗakinta ta karɓe yarinyar ta ɗora a cinya. Haka al'ada take, ɗiyar fari ta kaka ce, uwar tana tsayawa gefe ne ko me ke faruwa. Da Gwaggo ta ji inda aka je, ta yi salati ta ce wa ke kai yaro ramin da ba a zuwa, da tsakar rana kuma, lokacin da masu wurin ke fitowa. Ta ce iska ce, ba wani abu ba. Ta sa a kawo garwashi da turare, ta aika a karɓo rubutu wurin malam. Raliya na tsaye jikin rumbu, hannu a ƙirji, tana jin numfashin ɗiyarta ya fara ƙara kamar ana hura miƙaƙƙen kara cikin ruwa. Ita ma kanta na sarawa, idonta na ganin hazo, amma ba ta kula ba.

Ana cikin haka Inno ta yi sallama da ƙwaryar nono a ka. Bafillatana ce daga rugar da ke sauka arewacin gari kowace damina, ta saba kawo wa gidan nono. Ta sauke ƙwaryar, ta dubi yarinyar, ta tambayi abin da ta ci. Raliya ta faɗa mata, har da ramin, har da yadda ruwan yake ba ƙwaro ko ɗaya. Ta faɗi wannan ne don ta wanke kanta.

Inno ta je ta buɗe randar, ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago a hankali.

"Ɗiyata, nagge ma ta ƙi ramin nan yau da safe," in ji ta, da Hausarta mai karyewa. "Sajo mai kiwonmu ya kora shanu can, suka sa hanci suka juya. Can gefen gabas ƴan kwaɗi ne birjik, duk ciki sama."

Ta ce su a ruga ba sa tsoron ruwa mai ƴan tsalle. Ƙwansu na kwance cikin busasshen laka duk rani, kofaton shanu da ƙafar tsuntsu na kai shi daga wannan rami zuwa wancan, ruwa na sauka su farka. Ba ramin da ke rasa su in ruwansa lafiya lau ne. Su ne kuma farkon mutuwa in an zuba wani abu. Ruwan da ya kwana cike da su ya wayi gari babu ko ɗaya, ba a barin ko ɗan maraƙi ya sa baki.

Raliya ta juya ta dubi darnin karan da ya kewaye gidan. Gonar waken da ta fi kusa da ramin ta mijinta ce, Usmanu. Waken ya yi fure, jiya da la'asar ya goya tankin feshi ya tafi. Ga rigar feshin can rataye a kan darni, nesa da ɗaki, inda yake ajiye ta kullum don kada yarinyar ta taɓa.

An riga an aika gona a kira shi. Ya shigo da gudu, laka har ƙauri, ya tsaya kan uwarsa da ɗiyarsa. Raliya ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye gaban Gwaggo ba, amma ta zo ta tsaya gabansa.

"Malam, ina ka wanke tankin feshi jiya?"

Ya dube ta, ya dubi bidon da ke jingine da randa.

"Ina ka wanke shi?"

"Ramin tubali," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ba mai sha nan. Don haka na kai shi can, na ƙi Tabkin Marke saboda ku."

Ya ce sauran maganin da ya rage a tankin ma nan ya juye, kwalbar kuma ya danna ta cikin laka don kada yara su tsince ta su riƙa shan ruwa da ita, kamar yadda suke yi da kowace kwalba.

"Ni kuma na ga ba ƙwaro, na ce mai kyau ne," in ji Raliya.

Gwaggo ta ce to in guba ce ga nono nan Allah ya kawo, a ɗura mata, nono na kashe dafi. Inno ma ta miƙo ludayi. Gwaggo ta ɗaga kan yarinyar ta kai bakinta, nonon ya dawo ta hanci, Zahra'u ta shaƙe, leɓɓanta suka yi duhu. Nan Raliya ta yi abin da matan garin suka daɗe suna maimaitawa. Ta sunkuya ta zare ɗiyarta daga cinyar uwar mijinta, ba ta nemi izini ba.

"Gwaggo, ki yi mini gafara. Ba ta iya haɗiya. Asibiti za mu."

"Ke, ba ki da kunya? A gabana?"

"Ki yi mini gafara."

Ta kwantar da yarinyar a gefe ɗaya, ta sa yatsa da bakin zane ta kwashe abin da ke bakinta. Ta tuna rigar da ta jiƙe a ramin har yanzu tana jikinta, ta bushe a kan fata. Ta yage ta. Ta juya neman ruwan wanka, sai ta ga duk ruwan gidan ɗaya ne, na randa, na buta, na tukunya. Ta leƙa ta kan darni ta roƙi maƙwabciya, aka miƙo mata bokiti na Tabkin Marke, ja-ja, ƴan tsalle na zillo a ciki. Da shi da sabulu ta wanke ɗiyarta daga kai har ƙafa.

Usmanu ya aro moto, wato babur, wurin Muttaka mai shago. Raliya ta hau baya da yarinyar naɗe cikin zane a tsakaninsu, kanta a karkace don yawun ya zuba waje. Da suka zo daidai gonakin wake ta dafa kafaɗarsa ta ce ya tsaya ya ciro kwalbar. Ya ce ba lokaci. Ta ce majo ya faɗa a wurin awo, in yaro ya sha wani abu a zo da mazubin, in ba haka ba lalube za su yi. Ya tsaya. Tana kan moto tana kallonsa cikin ramin har cinya, yana cusa hannu cikin laka nan da can, ya manta daidai inda ya danna ta. Kowane numfashin Zahra'u sai Raliya ta ji kamar shi ne na ƙarshe, ta jira, wani ya zo. Ta buɗe baki za ta ce ya bar ta su tafi, sai ga shi ya ɗago da ita, takardar jikinta ta jiƙe amma ana ganin rubutun. Ya ƙulle ta a leda ya rataya a ƙahon moto.

Hanyar Gazawa yashi ne da laka. Sau da yawa moto ya zame, Usmanu ya kafa ƙafa ya tayar. Raliya ta sa bakinta kusa da kunnen yarinyar tana kiran sunanta, sunan da ba ta taɓa furtawa da ƙarfi ba tun ran suna, tana ce mata ga Gazawa nan, an kusa, a can akwai ƙosai. Yarinyar ba ta amsa ba. Jikinta ya saki, ya yi nauyi.

Sai suka iske kori ya kawo. An yi ruwa a wani wuri can sama, rafin da jiya yashi ne yau yana gudu da itace da kara. Masu amalanke da masu moto sun yi cirko-cirko a baki suna jira ya sauka. Wani dattijo ya ce su yi haƙuri zuwa la'asar. Raliya ba ta tsaya jin sauran ba. Ta sauka, ta ɗora yarinyar a kafaɗa, ta shiga. Ruwan ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafarta, hazon idonta ya ƙaru har ba ta ganin ɗaya gaɓar sosai. A tsakiya ruwan ya ture ta, ta durƙusa da gwiwa ɗaya, ta ɗaga yarinyar sama da hannu biyu. Usmanu ya yar da moto ya faɗo ya riƙe ta ta baya. Mutanen da ke tsaye suka ga abin da ake ciki, wasu suka shigo suka yi musu jagora, wasu suka ɗaga moton a kafaɗa suka haye da shi.

A asibiti majo ya buɗe idon yarinyar, ya saurari ƙirjinta, ya karɓi ledar ya karanta kwalbar. Bai yi faɗa ba, bai ma dube su ba. Ya kira a kawo allura. Aka yi mata, aka zuƙe ruwan da ya cika mata maƙogwaro, aka jira kaɗan, aka sake yi. Ya tambaya wa kuma ya sha, Raliya ta ce ita, kaɗan. Ya sa a duba ta ta ƙi sakin ƙafar ɗiyarta, sai a nan tsaye aka duba ta. Ya ce wa Usmanu ya buga waya gida yanzu a zubar da ruwan randa inda dabba ba za ta kai ba, a kuma hana kowa zuwa ramin.

Aka sake allurar, aka sake. Raliya na kallon ƙirjin yarinyar kawai. Can ƙarar numfashin ta fara raguwa, yawun ya tsaya, fatar ta bushe ta yi ɗumi. Majo ya sake buɗe idon ya ce baƙin idon ya fara buɗewa. Amma ya ce kada su yi murna tukuna, irin wannan maganin feshin yakan koma ya dawo, kuma yakan kama naman numfashi daga baya. Maraɗi za a kai ta, inda ke da injin da zai taimaka mata in ta gaza.

Kafin motar asibiti ta zo, Usmanu na zaune a ƙasa bakin ƙofa, laka ta bushe a jikinsa, ya haɗa kai da gwiwa. Raliya ta fito ta tsaya kusa da shi. Ta so ta ce masa wani abu mai zafi, ta duba ba ta samu wanda ba zai dawo kanta ba. Ta ce masa ya tashi ya wanke hannuwansa da sabulu, ya taɓa ruwan nan shi ma.

Sun daɗe a Maraɗi. Sau ɗaya numfashin ya tsaya aka tayar da shi, Raliya na tsaye a bayan labule tana cizon mayafinta. Zahra'u ta rayu. Ta dawo gida ana yankan gero, ta rame, ƙafafunta ba ƙarfi, in ta yi ƴar tafiya sai ta zauna, ludayi na rawa a hannunta. Likita ya ce watakila ya wuce, watakila ya ɗauki lokaci. Gwaggo ta karɓe ta a bakin ƙofa, ba ta yi maganar abin da ya faru ba, Raliya ma ba ta yi ba. Usmanu ya kewaye ramin da ƙaya. Waken da aka yi feshin dominsa ya yi kyau, ya cika buhuna, shi kuwa ko kallonsa ba ya son yi.

Kai mai gona da ke karanta wannan, in ka gama feshi kada ka kai tankinka bakin kowane ruwa, komai ƙanƙantarsa, komai nisansa da gari. Ba ka san wadda ƙishi ko tsoro zai kai can gobe ba. Haƙa rami a tudu nesa da ruwa ka wanke a nan, ka huda kwalbar ka binne da zurfi. Ke kuma uwa, ki tace ruwanki, amma ki sani ƙyalle ba ya tare guba. In kika iske tabki a tsakiyar damina shiru, ba abin da ke motsi a cikinsa, kada ki ɗiba, kada ki bar yaro ya sa ko ƙafa. Ki koma gida da bidonki wayam.